Gam Mai Shekara Goma

Kanazawa, 18 ga Nuwamba, 1962

Chizuru 'yata,

Gwaggonki ce Hatsue, idan har kin tuna kina da gwaggo. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki, da fatan sanyin Sapporo bai cinye muku hanci ba. Ni dai lafiya lau, ban da gwiwar hagu da take sanar da ni zuwan ruwa kafin rediyo ta sani. Ƙaguwa ta shigo kasuwa, an fara ɗaure rassan itatuwa da igiya saboda dusar ƙanƙara, gari ya yi toka-toka yadda kika bar shi.

Shekara goma ke nan ba kaɗan rabona da ke. Kina 'yar sha ɗaya mahaifiyarki ta ja hannunki zuwa tasha, bayan rasuwar babanki. Yanzu an ce kina jami'a kina karatun haɗa sinadarai, ke kaɗai mace a ajinku. To madalla. Yau karatun nan zai yi wa gidan ubanki rana.

Aikin shago bai canja ba: a kawo tsohon zanen hoto irin na ratayewa a bango, in ɓare takardun da ke bayansa, in manna sababbi, in mayar da shi a naɗe. Kin kuma san tulunan da ke ƙarƙashin daɓe. Kowace shekara a tsakiyar sanyi ake dama gam na alkama, a zuba a tulu, a rufe, a rubuta shekara. Duk shekara a buɗe, a kwashe funfuna, a canja ruwa. Sai ya cika goma cif ake taɓa shi. Jiya na ɗaga katako na sauka da fitila in duba wanda zai cika goma a bana, na tarar da wurinsa wayam. Na tsaya ina ta ƙirga tuluna kamar sakara. Can na tuna. A tsakiyar sanyin waccan shekarar ne babanki Seikichi ya kwanta ciwo, ba wanda ya hura wutar gam a shekarar. Ashe mutuwar ƙanena tana zaune a ƙasan ɗakina duk tsawon shekarun nan tana jirana. Na zauna a kan matakala na yi kukan da ban samu yi ba a lokacin.

Na shekarar da ta gabace ta ya ƙare ƙaf. Na bayanta, wanda na fara damawa ni kaɗai, ya ruɓe ya yi baƙi, tuni na zubar. Mai shekara takwas kuwa bai nuna ba tukuna.

Ga shi tsoho Genkai, mai kula da haikalin ƙauyen Kirihata a gindin tsauni, ya ba ni aikin zanensu. Hoton Amida ne, wanda ake bauta wa a haikalin, a kan siliki, yana saukowa bisa gajimare, ya haura shekara ɗari uku. Sau ɗaya ake warware shi a shekara, ranar da dare da rana ke daidaita a watan Maris, mutanen ƙauye su gani, a naɗe a mayar cikin akwati. Babanki ya kamata ya yi aikin nan. Ni mai dama gam ce da yankan takarda, rashinsa ne ya mai da ni gwana.

To a duk kwalaben nan naku, akwai abin da zai yi aikin gam mai shekara goma ba tare da an jira shekara goma ba? In babu, ki ce babu, ba zan ji haushi ba. Ko da na ji, ba za ki gani ba.

Gwaggonki,
Hatsue


Sapporo, 2 ga Disamba, 1962

Gwaggo,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta tara shekaru. Muna lafiya. Mama na gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗora tawul mai zafi a gwiwar.

Haba Gwaggo, ya za a yi in manta? Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar babban buroshin Baba, dum, dum, dum, yana bugun bayan takarda, gida duka yana numfashi tare da shi. Ina tuna tsamin da ke tasowa ranar buɗe tulu, da yadda kike korata da marar kwasar gam (kina cewa hancina zai faɗa ciki). Ban taɓa sanin dalilin bugun nan ba. Na ɗauka Baba yana lallashin zanen ne ya yi barci.

Tambayarki ta sa na yini ina murmushi ni kaɗai. Akwai mana! Amma bari in ɗan yi miki rawar kai da karatuna tukuna. Komai na duniya, ke da ni da tulu, zarra ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma riƙon da suke yi wa juna ba iri ɗaya ba ne. A gishiri, wata zarra ce ke miƙa abin hannunta wata ta karɓa, daga nan su maƙale. A ƙarfe kowa ya zuba nasa a tsakiya ana ci tare. Akwai kuma riƙon tarayya, inda biyu za su kama abu guda, kowace ta riƙe gefe. Shi ne ya sa lu'ulu'u ya gagari komai. Gam ɗin alkama ba da ko ɗaya cikin waɗannan yake kama takarda ba. Da wani ɗan riƙo yake yi mara ƙarfi, jingina ce kawai tsakanin gungu da gungu. Ina jin shi ya sa kuke shan wahalar shekara goma kafin ya yi ƙarfin da kuke so. Kai, mutanen zamanin da sun sha jira!

Na aiko miki kwalba uku a cikin akwatin katako. Ta farko da ta biyu kowace ita kaɗai ruwa ce mai kauri, amma in suka haɗu sai su saƙa riƙon tarayya ta ko'ina, su zama abu guda har abada. Ki haɗa su daidai wa daida, ki tsinka da ta uku yadda buroshi zai ɗauka. Ki buɗe taga, yana da wari. Zai yi miki aikin shekara goma cikin kwana kaɗan.

Gwaggo, da na rufe akwatin sai na ji kamar ni ce na cike gurbin tulun nan da hannuna. Na ji daɗi ƙwarai, har ban san inda zan sa kaina ba.

'Yarki,
Chizuru


Kanazawa, 9 ga Janairu, 1963

Malama Chizuru,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kin ci waina ta shinkafa kin ƙoshi. Ni na ci uku, haƙorina ɗaya ya so ya bi ta huɗun.

Saƙo ya iso. Shafin zarran nan naki kuwa, gaskiya layi biyu na karanta gyangyaɗi ya ɗauke ni, na tsallaka zuwa inda kika ce a haɗa kaza da kaza. Kada ki ji haushi, gwaggonki aji shida ta yi.

Amma hannunki ya yi albarka! Na haɗa kaɗan, na manna takarda biyu, na ajiye a barandar baya kwana uku. Da na dawo na sa yatsa, sai suka rabu a hankali, ko gashi ɗaya na takarda bai tsinke ba. Na ce, yauwa, jinin Seikichi ne! Daidai tsohon gam, wanda shekaru suka cinye masa ƙarfi har sai an buga da buroshi kafin ya yarda ya kama. Kin san abin da ya sa nake ƙin mai shekara takwas ke nan, har yanzu da sauran ƙarfinsa. Zane mai taurin baya in an naɗe karyewa yake yi. Kuma wanda zai zo bayanmu da shekara ɗari ya canja takardu, ruwa kawai zai shafa, komai ya saki. Babanki kan ce mu ba mannawa muke yi ba, riƙe wa na gaba muke yi. Ruwa kam ban gwada wa naki ba, tunda da yatsa ma ya saki.

Warin ne dai, tabɗi! Kyanwar maƙwabta ta daina zuwa.

Zanen ya yi laushin da ba zai jure hanya ba, don haka ni zan je. Gobe da safe zan hau mota zuwa Kirihata da kwalabenki a cinyata. Kwana goma in dawo in dama gam na bana. Jiya na yi mafarkin babanki yana zaune a tsakanin tuluna, ya cire tabarau yana dariya.

Hatsue


TALGIRAM. SAPPORO, 14 JANAIRU.
GWAGGO KADA KI SA GAM ƊIN A ZANE. KO ƊIGO. WASIƘA NA TAFE. CHIZURU


Sapporo, 14 ga Janairu, 1963

Gwaggo,

Ina fata kina lafiya. Ni ba lafiya ba. Na buga talgiram zuwa shago, sai da na fito na tuna ba kya shago, haikalin kuma ban san yadda ake aika masa ba.

Wayyo Gwaggo, na fahimce ki a baibai. Da kika ce mai shekara takwas bai nuna ba, na ɗauka ƙarfi ne bai yi ba. Ban taɓa sanin rauni kuke jira ba. Abin da na aiko miki ba mai rauni ba ne. Sanyin baranda ne ya hana shi aiki, barci kawai yake yi. Da ya ji ɗumi zai farka ya ƙulle, ya yi tauri kamar kwano. Ruwa ba ya shigarsa. Ba abin da na sani a ɗakin gwajinmu da zai kwance shi bai cinye silikin ba.

Ɗan riƙon nan da na raina a wasiƙata, yau na zauna da shi a raina tun safe. Shi ne ke riƙe da ruwa ya zama ruwa. Ɗigo guda, gungu-gungu ne ba adadi, kowane ya kama na kusa da shi, ya saki, ya kama wani, sau da yawa fiye da ƙiftawar ido. Ita ma takarda da shi take tsaye, zare ya jingina da zare. In ruwa ya zo sai ya shiga tsakaninsu ya karɓi hannun kowa, su rabu ba faɗa. In ya bushe su koma. Abin da Baba yake yi da buroshi, kusantar da su yake yi don su samu inda za su kama. Na ci jarrabawa a kan wannan da maki mai kyau, Gwaggo, amma ban gane ɗakin da aka haife ni ba.

Dusar ƙanƙara na sauka a tagata yanzu. Wata ƙwaya ta faɗo a hannun rigata, fiffike shida, wannan ɗan riƙon ne ya tsara ta. Na yi numfashi a kanta ta tafi.

Ki rubuto mini ki ce ba ki buɗe kwalaben ba. Ki ce sun fashe a mota.

Chizuru


Sapporo, 3 ga Fabrairu, 1963

Gwaggo,

Kwana ashirin shiru. Jarida ta ce jiragen ƙasa sun tsaya cak a wajenku, mutane na fita daga gidajensu ta tagar bene. Na ga hoton wani titi da na sani, kan fitilarsa kawai ake gani. Kina da abinci? Gwiwar fa?

Ban san ko wannan za ta iso ba, amma ba zan iya zama haka ba. Kullum abu ɗaya nake gani a barci: gajimaren da ke ƙarƙashin Amida yana tafiya a hankali, yana tafiya, sai ya tsaya. In duba in ga ni ce na riƙe shi. Mama ta ce in ci abinci. Na ce to.

Ko zagi ne ki aiko.

Chizuru


Kanazawa, 26 ga Fabrairu, 1963

Chizuru,

Ina raye. Shekaranjiya na sauko, rabin hanya a kan katakon jan kaya kamar buhun shinkafa. Gwiwa ta kumbura amma tana nan. Talgiram ɗinki da wasiƙunki biyu na tarar a ƙarƙashin ƙofa, sun jiƙe sun manne da juna. Na raba su da ruwa na karanta. Wannan karon ban tsallake layi ko ɗaya ba.

Na sa gam ɗin, 'yata. Gara in faɗa miki kai tsaye.

Kwana biyu da isata sama ta buɗe baki da dusar ƙanƙara. Kwana arba'in muna cikin haikalin, ni da tsoho Genkai da matarsa, tagogi sun toshe, haske yana shigowa shuɗi-shuɗi kamar a ƙarƙashin ruwa muke. Ba ƙarar komai sai ta rufi yana nishi. Na kwantar da Amida rub da ciki, na cire masa tsofaffin takardu hawa uku, kowanne ya saki da ruwa, ba gardama. Na sa takardar farko da sabon gam yadda aka saba. Hawa na biyu na ɗauko naki, na faro daga ƙasa. Tsoho saboda tausayin gwiwata ya sa aka kewaye ni da kaskon wuta huɗu. Gam ɗinki ya ƙare a daidai gwiwar Amida, na ƙarasa ɓangaren sama da gam mai shekara takwas da na riƙo don ko-ta-kwana, ina ta jin haushin bai kai naki ba.

Bayan mako na zo in juya shi. Na ƙwanƙwasa da farce, ya amsa mini kamar faranti. Na shafa ruwa, ruwan ya tsaya yana kallona. Gam ɗin ya ratsa takardar farko ya shiga cikin silikin kansa. Na durƙusa gaban tsoho, goshina a tabarma.

Ya ce, "Hatsue, tashi, tabarmar da sanyi."

Na ce, "Ba zai ƙara naɗuwa ba. In an tanƙwara shi, a gwiwa zai tsage."

Ya dubi zanen. Ya ce, "In an rataye shi fa?"

Na ce, "Haske da hayaƙin turare za su ci launinsa. Shekara hamsin, sittin in an yi sa'a. A akwati da sai ya ƙara ɗari uku."

Matarsa ta ce, "Ke kuma da kika zo gyara!" Tsoho ya ɗaga mata hannu, amma gaskiya ta faɗa, kuma na fi jin daɗin maganarta a kan haƙurinsa.

Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ina yi miki faɗa a zuciyata, faɗa mai kyau, da kin ji da kin yi kuka. A na huɗu na tuna wa ya riƙe buroshi. Shekara arba'in ina wannan ɗaki, hancina ya gaya mini abin nan ba namu ba ne, na ce masa ya yi shiru, 'yar jami'a ta fi shi sani.

Yanzu ga aikin da ya rage. Sandar da ke ƙasan zane, wadda ake naɗewa a kanta, tana ɓoye cikin takarda. Duk wanda ya gyara zane yakan rubuta sunansa da shekara a jikinta, ba mai gani sai wanda zai buɗe a gaba. A ta Amida na tarar da suna uku. Dole in gaya wa na gaba abin da ke ciki, kada ya ja ya yaga. Ni ban san sunan abin ba. Ki rubuto mini da yarenku, a taƙaice, sandar ba ta fi tsawon hannu ba.

Hatsue


Sapporo, 5 ga Maris, 1963

Gwaggo,

Na gode da kina raye. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, na zauna a nan ƙasa har takalmana suka jiƙe.

Ga takarda a haɗe. Na rubuta sunan abin da ke kwalba ta farko da ta biyu da ta uku, na zana yadda suke ƙullewa, don ko sunaye sun canja nan da shekara ɗari, mai karatun sinadarai zai gane zanen. Wataƙila a lokacinsu an san yadda ake kwance shi. Ni ma zan nema, amma ba zan sake yi miki alkawarin abin da ban sani ba.

Roƙona ɗaya. Kada ki sa sunanki. Ki rubuta cewa Chizuru 'yar Seikichi ce ta yi, ita kaɗai, saboda girman kai da rashin tambaya. Na rubuta haka a ƙasan takardar, ki kwafa yadda yake.

'Yarki,
Chizuru


Kanazawa, 2 ga Afrilu, 1963

Chizuru 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki. Ƙanƙara ta narke, kogi ya cika yana ta surutu. Ki ci abinci, na ji labarinki.

Na koma Kirihata na ƙarasa. An rataye zanen ranar bikin da ake warware shi, kuma ba a sauke ba. Mutanen ƙauye sun san abin da ya faru, tsoho bai ɓoye musu ba. Wasu ba su amsa gaisuwata ba. Wata tsohuwa mai suna Kiku, ta kusa tamanin, ta zo washegarin biki da sandarta ta tarar yana nan. Ta tsaya turus a bakin ƙofa. Ta ce duk rayuwarta sau ɗaya take ganinsa a shekara, ta bayan kafaɗun maza, ba ta taɓa sanin akwai ɗan tsuntsu a gefen gajimaren ba. Yanzu kullum da hantsi tana can zaune. Ta kama hannuna tana godiya. Ban iya ce mata rabon jikokin jikokinta take ci ba. Na sunkuyar da kai na karɓi godiyar, ta fi zagi zafi.

Zanen zarranki na kwafa a sandar, zobe-zobe da layi-layi, sau biyar na gwada a takarda kafin in yarda da hannuna. Maganar girman kai da rashin tambaya kuwa ban kwafa ba. Sanda ba wurin kuka ba ce, kuma wanda zai buɗe ba ruwansa da halinki, aiki zai yi. Sunana ma ba ke za ki hana ni sawa ba.

Mutum ukun da suka riga mu, suna da shekara kawai suka bari, layi ɗaya ɗaya, don ba su da abin da za su ƙara. Mu mun cinye sandar daga wannan kai zuwa wancan. Ga abin da ke ƙarƙashin zanenki, kafin in rufe da takarda:

"Kai da za ka buɗe, sannu da zuwa. Daga gwiwar Amida zuwa sama ka sa ruwa, zai saki. Daga gwiwa zuwa ƙasa kada ka ja, kada ka tanƙwara, ba zai saki ba. Hatsue da Chizuru, gidan Seikichi na Kanazawa. Mu muka yi."

Gwaggonki,
Hatsue